Me ya sa lambobin kalkuleta suke saɓa wa zanen da nake gani a kwaikwayon da'ira?

Tambaya: Ina gwada wata ƙaramar da'irar lantarki a manhajar kwaikwayo, kuma zanen siginar da yake fitowa a allo ya yi daidai da abin da nake tsammani. Amma da na soma amfani da kalkuletar da take cikin manhajar domin in fitar da lambobi, sai matsakaicin kwararar lantarkin da da'irar take ja ya fito da alamar ɗebewa, kuma yana sauyawa duk lokacin da na sauya tsawon gwajin. Da na kwashe bayanan zuwa Excel na yi lissafin da kaina, sai na samu wata lamba daban. Jimlar da na rubuta don auna jinkiri tana aiki a wasu gwaje-gwaje, tana ƙin aiki a wasu, ita kuma FFT, wato lissafin da yake rarraba sigina zuwa firikwensin da suke cikinta, tana nuna hayaniyar da ban yarda tana cikin da'irar ba. Wace lamba zan yarda da ita?

Amsa: Matsalolin da ka lissafa sun yi kama da abubuwa daban-daban, amma in ban da alamar ɗebewa, duk tushensu ɗaya ne, wato layin nan mai santsi da kake gani a allo ba shi ne abin da manhajar ta lissafa ba. Abin da ta lissafa ta adana jerin ɗigogi ne, kowane ɗigo da lokacinsa da ƙimarsa, sannan allon ya haɗa su da miƙaƙƙun layuka har ido ya ɗauka zane ɗaya ne marar yankewa. Kalkuleta ba ta san da'irarka ba, ba ta san inda tiransisto yake ko inda kafasito yake ba, iyakarta waɗannan ɗigogi da kuma zangon lokacin da ka ba ta.

Tun daga SPICE na farko, manhajar kwaikwayon da'ira wadda Laurence Nagel ya rubuta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ƙarƙashin Donald Pederson aka gabatar da ita a 1973, har zuwa ngspice da LTspice da HSPICE da Spectre na yau, gwajin da ake yi bisa lokaci yana tafiya ne taku bayan taku, kuma a manhajojin da ake aiki da su yanzu tsawon takun ba ɗaya ba ne. Idan sigina tana sauyawa da sauri, manhajar takan rage takun ta tara ɗigogi da yawa a ɗan ƙanƙanin lokaci, idan kuma siginar ta lafa sai ta riƙa yin dogon taku domin kada ta ɓata lokaci a inda babu abin da yake faruwa. Wannan dabara ce mai kyau ƙwarai, domin ba don ita ba da gwaje-gwaje da yawa ba za su ƙare ba, amma ita ce take jefa mutum cikin kuskure idan ya ɗauka cewa ɗigogin suna da nauyi iri ɗaya.

Bari mu fara da lambar da ka samu a Excel, domin ita ce mafi sauƙin bayani. A ce da'irarka tana jan miliamfiya 10 na tsawon nanosakan 1, sannan ta yi shiru na nanosakan 9, haka take maimaitawa a kowane zagaye na nanosakan 10. Matsakaicin gaskiya miliamfiya 1 ne, tunda kashi ɗaya cikin goma na lokacin ne kawai take jan wuta. To amma manhajar za ta cika wurin da abin yake faruwa da ɗigogi, a ce 40 a cikin wannan nanosakan ɗaya, ta bar 10 kacal a sauran tara. Idan ka tara ƙimomin nan 50 ka raba da 50, kamar yadda Excel yake yi, za ka samu miliamfiya 8, wato ninki takwas na gaskiya, alhali babu ɗigo ko ɗaya da yake ɗauke da ƙarya. Umarnin average na kalkuletar Cadence, kamfanin da ya mallaki Spectre, da kalmar AVG a cikin .meas, umarnin aunawa na manhajoji irin su LTspice, ba haka suke yi ba, su suna lissafa faɗin filin da yake ƙarƙashin zanen ne su raba shi da tsawon lokacin, saboda haka kowane ɗigo yana samun nauyi gwargwadon lokacin da ya wakilta. Ka kula da cewa ko a cikin ngspice akwai umarnin mean, wanda yake tara ƙimomi ya raba da yawansu kamar Excel, kuma sunansa yakan ruɗi mutane. Saboda haka a wannan gaɓa kalkuleta ce take da gaskiya, idan kuma dole ne ka yi lissafin a waje, to ka ninka kowace ƙima da tazarar lokacinta kafin ka tara.

Sai dai kalkuletar ma ba za ta ba ka lamba mai amfani ba matuƙar zangon lokacin da ka ba ta bai dace ba, kuma nan ne dalilin da ya sa lambarka take sauyawa da tsawon gwaji. Abubuwa biyu ne suke shiga ciki. Na farko shi ne farkon gwajin, lokacin da kafasitoci suke cika, madaidaicin boltej bai zauna ba, agogon da'irar ma wataƙila bai fara bugawa ba. Idan ka bar wannan ɓangare a cikin lissafi, to gajeren gwaji zai ba shi nauyi mai yawa, dogon gwaji kuma ya rage masa nauyi, lambar ta riƙa matsawa a hankali ba tare da ta tsaya ba. Na biyu shi ne rashin cikar zagaye. Ɗauki sigina mai siffar sain, wato mai hawa da sauka kamar igiyar ruwa, wadda ƙololuwarta bolt 1 ce, matsakaicinta na gaskiya kuwa sifili ne. Idan ka fara daga inda take tashi daga sifili ka lissafa matsakaicin a kan zagaye ɗaya da rabi za ka samu kusan bolt 0.21, idan ka tsawaita zuwa zagaye goma da rabi zai sauko zuwa kusan 0.03, kuma ba zai zama sifili ba sai zangon ya ƙunshi cikakkun zagaye ba tare da ragowa ba. Maganin duka biyun shi ne ka yanke zangon da kanka. A Cadence za ka rubuta average(clip(IT("/V0/PLUS") 2u 12u)), a LTspice kuma .meas tran Iavg AVG I(V1) FROM 2u TO 12u, bayan ka tabbatar cewa daga maikirosakan 2 da'irar ta riga ta zauna, kuma maikirosakan 10 ɗin da suka biyo baya cikakkun zagaye ne. Idan da'irar ce take samar da nata bugun, kamar osileta, ba ka san tsawon zagayen tun farko ba, sai ka bar umarnin cross, mai nemo lokacin da sigina ta ƙetare wata ƙima, ya nemo maka iyakokin, misali daga hawa na 20 zuwa hawa na 40, ka sa waɗannan lokuta biyu a cikin clip a madadin lambobin da ka rubuta da hannu.

Na taɓa miƙa rahoton wutar da wata da'ira take ci wanda ya gaza gaskiya da kusan kashi ɗaya cikin uku, saboda a farkon gwajin na riƙe agogon a kashe domin boltej ya zauna, na kuma manta ban cire wannan zangon daga lissafi ba. Zanen da yake allo ba shi da aibi ko kaɗan, kuma da wani abokin aiki bai tambaye ni daga wane lokaci na fara ƙirga ba, da lambar ta wuce a haka.

Alamar ɗebewa kuwa ba kuskure ba ce, ƙa'ida ce ta SPICE. Kwararar da take shiga ta ƙafar da take da alamar tarawa ita ake ɗauka mai alamar tarawa, shi kuma tushen wuta da yake ciyar da da'ira kwarara fita take yi daga wannan ƙafa, saboda haka take fitowa da ɗebewa. Ka ninka jimlar da -1 kawai. Ban ba ka shawarar amfani da abs, umarnin da yake cire alamar ɗebewa, ba, domin a da'irar da take mayar da wuta ga tushenta a wani ɓangare na zagaye, abs ɗin da aka sa a cikin jimlar zai mayar da abin da aka dawo da shi ya zama abin da aka ci.

Tunda maganar ta kawo mu kan wutar da ake ci, akwai kuskuren da yake kusa da naka wanda ya kamata ka sani tun yanzu. Matsakaicin ƙarfin wuta shi ne matsakaicin boltej da aka ninka da kwarara a kowane lokaci, wato a fara ninkawa sannan a ɗauki matsakaici. Idan boltej ɗin tsayayye ne babu bambanci ko ta ina aka fara, amma idan yana motsi bambancin yana da girma. Sain mai ƙololuwar bolt 1 a kan rizisto mai om 50 tana cin miliwat 10, amma matsakaicin boltej sifili ne, matsakaicin kwarara ma sifili ne, wanda ya ninka su zai ce ba a cin komai. Wanda kuma ya ninka RMS na boltej (RMS awo ne na girman sigina da ake samu ta ninka kowace ƙima da kanta, a ɗauki matsakaici, sannan a ɗauki tushen murabba'insa) da RMS na kwarara a kan kafasito zai samu lamba mai tsoka, alhali kafasito marar asara ba ya cin wuta, karɓa yake yi ya mayar. A misalinmu na farko ma RMS na kwararar miliamfiya 3.16 ne yayin da matsakaicin yake 1, kuma kowannensu da aikinsa, matsakaici don sanin yadda batir zai daɗe, RMS don sanin zafin da waya ko rizisto za su ɗauka.

Yanzu sai jinkiri. Duk jimlar da take auna jinkiri, ko delay ce a Cadence ko TRIG da TARG a .meas, a ƙarƙashinta tambaya ɗaya take yi sau biyu: yaushe wannan sigina ta ƙetare wannan ƙima, a karo na nawa, tana hawa ko tana sauka? Kowane ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa uku yana iya karya maka jimlar idan yanayin gwaji ya sauya. Idan ka rubuta 0.6 a matsayin rabin boltej 1.2, to a gwajin da aka rage boltej ɗin da kashi goma cikin ɗari ya koma 1.08, rabinsa 0.54 ne, kai kuma kana nan kana aunawa a 0.6, sai hawa ya yi kamar ya ƙara jinkiri, sauka kuma ta yi kamar ta ƙara sauri. Ya kamata ƙimar ta fito daga sunan da ka sa wa boltej ɗin, kamar 0.5*VAR("vdd"), domin ta riƙa bin sa duk inda ya tafi. Lambar karo ta fi wannan haɗari. A ce zagayen nanosakan 10 ne, jinkirin gaskiya fikosakan 80, ka ce a auna daga hawa na uku na shiga zuwa sauka ta uku ta fita. Idan a wani gwaji siginar fita ta yi ɗan tsalle a farko ta ƙetare ƙimar, za a ƙirga wannan tsalle, sauka ta ukun ta zama ta zagayen baya, amsar ta fito nanosakan -9.92. Idan kuma ta tsallake bugu ɗaya a farko za ka ga 10.08. Duk lokacin da ka ga jinkiri ya yi kusa da tsawon zagaye, da alamar tarawa ko ɗebewa, to ƙirgar karo ce ta zame, kuma gyaranta shi ne ka yanke farkon siginonin biyu da clip, ko ka sa TD a .meas, domin a fara ƙirga daga lokacin da komai ya zauna.

Idan kuwa jimlar ta ƙi fitar da komai, Cadence ta ba ka nil ko ta ce lissafin ya gaza, LTspice ta rubuta cewa awon bai yiwu ba, to ma'anarsa siginar ba ta ƙetare ƙimar ba sam a cikin lokacin gwajin. Kada ka yi gaggawar gyara jimlar don ta daina ƙorafi. Ka buɗe zanen wannan gwaji ka duba, domin sau da yawa wannan shi ne sakamako mafi muhimmanci a cikin gwaje-gwajen duka: da tiransistoci masu jinkiri da ƙarancin boltej da'irar ba ta kai inda ya kamata ta kai ba. Wani lokaci kuma gwajin ne ya ƙare kafin sauka ta ƙarshe ta iso, sai a ƙara masa tsawo.

Akwai kuma batun daidaito, wanda yake komawa ga ɗigogin da muka fara da su. Da wuya wani ɗigo ya faɗo daidai kan ƙimar da kake nema, saboda haka cross tana jan miƙaƙƙen layi tsakanin ɗigon da yake ƙasa da wanda yake sama ta ƙiyasta lokacin. Idan hawan yana ɗaukar fikosakan 50 kuma ɗigo uku ne kawai a kansa, jinkirin da ka samu zai iya kaucewa da fikosakan da dama, kuma zai riƙa sauyawa kaɗan-kaɗan daga gwaji zuwa gwaji ba don da'irar ta sauya ba. Ka kunna alamun ɗigogi a allon ka ƙirga su da idonka, sannan ka rage mafi tsawon takun da aka yarda da shi, wanda ake kira maxstep a Spectre, ko ka matsa reltol, wato iyakar kuskuren da aka yarda wa manhajar, daga 0.001 da aka saba zuwa abin da ya fi shi ƙanƙanta. Gwajin da na fi yarda da shi shi ne ka raba takun biyu ka sake gudanarwa. Idan lambar ta motsa fiye da abin da za ka iya jurewa, ka sake rabawa. A LTspice akwai ƙarin tarko, domin tana matse bayanan da take adanawa ta zubar da ɗigogin da take ganin ba a bukata, kuma ana kashe wannan da .options plotwinsize=0. Umarnin deriv, wanda ake auna saurin hawa da shi, shi ya fi kowa jin jiki a nan, tunda rabawa yake yi da tazarar lokaci ƙarama, ƙaramin kuskure sai ya zama tsini mai tsawo. Ni dai ba na ɗora ymax, umarnin da yake ɗauko ƙima mafi girma, a kan deriv, na fi son in nemo lokacin ƙetare kashi 20 da kashi 80 cikin ɗari in raba bambancin boltej da bambancin lokaci.

FFT ita ce inda duk waɗannan abubuwa suke haɗuwa, kuma hayaniyar da kake zargi mai yiwuwa ba ta cikin da'irarka, kamar yadda ka yi tsammani. Lissafin yana bukatar ɗigogi masu tazara ɗaya, manhajar kuma ba ta ba shi haka ba, saboda haka kalkuleta take ƙirƙiro sababbin ɗigogi a kan miƙaƙƙun layukan nan. Miƙaƙƙen layi ba ya bin lanƙwasar sain daidai, kuma ana iya ƙiyasta girman kaucewar: idan akwai ɗigo n a kowane zagaye, mafi girman kuskuren yana kusa da 4.9 a raba da n sau n, gwargwadon ƙololuwar siginar. Da ɗigo 50 a zagaye, wanda a ido ya fi ƙarfin isa, kuskuren kusan 0.002 ne, wato desibel 54 ƙasa da siginar. Wanda yake gwada na'urar mayar da sigina zuwa lambobi mai bit 12 yana neman ganin desibel 74, bisa lissafin nan na 6.02 sau yawan bit a tara da 1.76, ka ga kenan kuskuren cike gurbi ya riga ya binne abin da yake nema. A Spectre ana magance wannan da strobeperiod, wanda yake tilasta wa manhajar ta lissafa ɗigo na gaskiya a daidai lokutan da FFT za ta ɗauka. A ngspice umarnin linearize yana daidaita tazarar kafin fft, amma shi ma cike gurbi yake yi, don haka dole a rage takun gwajin tare da shi.

Abu na biyu a FFT shi ne cikar zagayen da muka riga muka yi magana a kai, sai dai a nan hukuncinsa ya fi tsanani. Lissafin yana ɗauka cewa zangon da ka ba shi yana maimaita kansa har abada, idan ƙarshensa bai haɗu da farkonsa ba sai a samu tsalle a mahaɗar, wannan tsalle kuma ya bazu a dukkan firikwensi ya zama kamar siket a gindin siginar. Hanyar da ta fi tsabta ita ce ka zaɓi firikwensin shiga da gangan. Idan kana ɗaukar samfuri a megahaz 100 kuma kana son ɗigo 1024, zangon maikirosakan 10.24 ne, kowane gurbi na FFT kuma haz 97,656.25. Maimakon ka sa megahaz 10 cif, wanda zai ba ka zagaye 102.4, sai ka zaɓi zagaye 101, wato haz 9,863,281.25, ka rubuta shi da dukkan lambobinsa ba tare da taƙaitawa ba. An fi son lamba irin 101 da ba ta da abin rabawa ɗaya da 1024 domin kowane samfuri ya faɗo a wuri daban a jikin sain ɗin. Inda ba ka da iko da firikwensin, sai ka yi amfani da tagar Hann, wato lissafin da yake dusashe farko da ƙarshen zangon zuwa sifili, wadda take sauko da reshen farko na gefen siket ɗin daga kusan desibel 13 ƙasa da ƙololuwa zuwa kusan 31, amma tana baza siginar a gurabe maƙwabta, kuma dole ka haɗa su duka idan kana lissafa ƙarfinta.

Ba ka tambayi gwajin AC ba, wato wanda ake duba yadda da'ira take amsa firikwensi daban-daban, amma za ka kai gare shi. A can kowace ƙima tana da girma da kusurwa, saboda haka sai ka faɗa wa kalkuleta wanne kake so. Ana amfani da dB20 ga boltej da kwarara, dB10 ga ƙarfin wuta, wanda ya musanya su zai samu rabin lambar ko ninkinta. Kusurwa kuma takan yi tsalle na digiri 360 idan ta kai 180, abin da yake ruɗar jimlar da take neman ƙima a kusa da wurin.

Ƙananan abubuwa biyu na rubutu suna ɓata wa mutane yini guda. A SPICE harafin M, babba ko ƙarami, yana nufin kashi ɗaya cikin dubu, miliyan kuwa sai an rubuta MEG, amma a Spectre da kalkuletar Cadence babban M miliyan ne. Haka kuma harshen SKILL da kalkuletar Cadence take aiki da shi yana raba cikakkun lambobi ya zubar da ragowa, saboda haka 1/2 sifili ne a wurinsa, sai ka rubuta 1.0/2 kafin ka samu rabi.

Kafin ka ɗora kowace sabuwar jimla a kan da'irarka, ka gwada ta a kan da'irar da ka san amsarta da alƙalami. Rizisto mai om 1000 da kafasito mai fikofarad 1 sun isa. Idan ka ba su hawa mai kaifi, jinkirin isa rabi ya kamata ya fito nanosakan 0.69, lokacin hawa daga kashi 10 zuwa 90 cikin ɗari nanosakan 2.2, a gwajin AC kuma firikwensin da sigina take raguwa da desibel 3 ya fito megahaz 159. Ka ninka na biyu da na uku ka ga ko sun ba da 0.35. Ga jimlar matsakaici ka ba ta tushen kwarara mai bugun miliamfiya 10 na nanosakan 1 a cikin 10, ta dawo maka da 1, jimlar RMS kuma ta dawo da 3.16. Ga FFT ka ba ta sain tsantsa daga tushe ba tare da da'ira a tsakani ba, ka duba inda ƙasan hayaniyar yake. Idan yana desibel 60 ƙasa da siginar alhali kana son auna 74, to saitin gwajin ne yake bukatar gyara, sai ka koma kan strobeperiod da zaɓin firikwensin shiga har ƙasan ya sauka nesa da abin da kake son aunawa, sannan ka mayar da da'irarka cikin gwajin.